Sunan Ciwonki, 'Yar Dada

Aikin farko yau: katunan ɗakin yara na watan jiya, a sa musu lamba, a mayar da su kanta.

Assalamu alaikum, 'yar Dada.

Ina gaishe ki da gajiyar hanya, da fatan kin sauka lafiya, kin kuma sami gado a jikin bango, ba a ƙarƙashin taga ba. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki gama abin da kika je yi ki dawo mana da ƙafarki.

Layin da kika gani a sama ba naki ba ne. Daga littafina na kullum na yago takardar, wanda ke da ƙanwarki Hafsa kuke yi mini dariya a kansa, wai ko atishawa na yi sai na rubuta. Na so in sake kwafewa a takarda mai kyau, sai na ga idan na tsaya neman kyau har ki tafi ban gama ba.

Kin san abin da ya sa nake rubutu alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Ke ce ta fari. A danginmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma zaunar da shi ta yi masa doguwar magana. Haka Dada, uwata, ta yi wa yayana Bello, ga shi har ya fara furfura tana ce masa "wancan". Ni na yi sakandare, na daɗe ina aikin gwamnati, amma wannan abu bai saki bakina ba. Takarda kuwa ba ta da ido, shi ya sa na fake da ita.

Shekaranjiya kina ninke kaya na ji hirarku da Hafsa. Ba laɓe na yi ba, tankaɗe nake yi a bakin ƙofa, ku ne ba ku iya magana a hankali ba. Kika ce, "A Kano ba wanda ya san ni. Ba wanda zan gaya wa ina da sikila. Ni ma in ɗana zaman masu lafiya." Hafsa ta ce, "To idan ya tashi fa, Yaya?" Kika ce, "Sai in ce maleriya ce." Kuka bushe da dariya. Ni kuwa na tankaɗe garin nan har sau biyu ban sani ba.

A kan wannan maganar na zauna rubutu. Ban iya wa'azi ba, wannan aikin Malam babanku ne a Islamiyya. Abin da nake da shi kurakuraina ne. Tunda kuma aikina kika zaɓi ki je ki koya, aikin kati da lambobin cututtuka, to kuskuren ofis da na gida duk za su yi miki amfani, don a wurina dai sun cakuɗe.

Malamanku za su bayyana miki aikin da manyan kalmomi, amma ga shi a taƙaice. Likita ya duba mara lafiya ya rubuta sunan ciwo a kati. Katin ya dawo ofishinmu. Mu kuma mu buɗe babban littafin lambobi, mu nemo sunan a sashen da aka jera sunaye bi da bi, sannan mu koma sashen babi-babi mu tabbatar, kana mu rubuta lambar. Ƙarshen wata a tara a aika Kano. Da wannan ne na can suke sanin abin da ke damun mutanen Gwarzo da Kabo, da abin da ya kamata su aiko mana. Cututtukan jini babinsu guda ne, ba shi da kauri, amma ya fi kama ƙafar mutum. Ƙarancin jini kaɗai iri-iri ne: akwai na rashin abinci mai gina jini, akwai na zubar jini, akwai na gado irin naki. A can ƙarshe kuma akwai wata lamba, a tsohon littafi 285.9, ma'anarta ƙarancin jini da ba a fayyace irinsa ba. Malam Garba, shugaban ofishinmu, ɗakin shirgi yake ce mata.

Da na fara aiki, ɗakin shirgin nan ne mafakata. Likitan da muke da shi lokacin rubutunsa kamar kaza ta taka tawada, ni kuma ina jin nauyin in ƙwanƙwasa masa ƙofa in ce ban gane ba. Duk katin da na hango kalmar jini a ciki, sauran ya gagare ni, sai in jefa shi can in wuce. Ran nan Malam Garba ya ɗauki lissafin wata ya ɗora tabarau a karan hanci, ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, "Ma'u, zo ki taya ni gani. Mutanen ƙasar nan duk jininsu ba a fayyace ba ne?"

Na ce, "Malam, rubutun ne."

Ya ce, "Mai rubutun ya rasu?"

Na ce, "Yana ɗakinsa."

Ya ce, "To tashi, kafin ya tafi cin abinci."

Na kwashi katunan na je. Likitan bai cinye ni ba. Dariya ma ya yi, don akwai kati ɗaya da shi kansa sai da ya juya shi sama da ƙasa kafin ya gane abin da ya rubuta. Don haka idan abu ya shige miki duhu, ki tashi ki tambaya, ko da wanda za ki tambaya ya ɗaure fuska. Lambar ɗakin shirgi tana da ranarta, wato ranar da likita da kansa bai sani ba. Ba a yi ta don mai jin kunya ba.

Kuskure na gaba shi ne wanda har yau ba a daina tsokanata da shi ba. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da aka fara sa wa kati kuɗi. Mutanen ƙauye suka fito da dabara: gida guda, kati guda. Wanda duk ciwo ya kama sai ya zaro katin daga cikin rufin ɗaki ya taho da shi. Layi ya yi tsawo, likita ya gaji, ba mai duba sunan da ke bango. Wata rana kati ya zo hannuna an rubuta ƙarancin jini, mai ciki wata bakwai. Sai na tuna ƙa'idar da na karanta, cewa ƙarancin jinin mai juna biyu ba a babin jini ake sa shi ba, a babin ciki da haihuwa ne. Na nemo lambar, na tabbatar, na rubuta ta da kyau ina jin kaina kamar wata farfesa. Sannan na juya bangon katin na kwafe sauran bayani cikin rajista, hannuna na aiki hankalina na wani wuri: Audu, namiji, ɗan shekara sittin da wani abu, daga ƙauyen Jama'a.

Takardar ta je Kano ta dawo an kewaye layin da jan biro. Malam Garba ya karanta a tsaye, ya zauna, ya sake karantawa, sannan ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah ya raba su lafiya." Da wata rana Allah ya kawo dattijon asibiti da ciwon gwiwa, Malam Garba ya leƙa ta taga ya gaishe shi da ladabi.

"Baba Audu, barka da zuwa. Ya nauyin jiki? An sauka kuwa?"

Tsohon ya dube shi bai gane ba. Da aka bayyana masa sai ya kama gemu yana dariya har da tari. Ya ce, "Matar ɗana ce. Ta sauka, namiji aka samu. To ai katin gida ne, ɗana, duk jini ɗaya ne."

Malam Garba ya ce, "A zumunci jini ɗaya ne, Baba. A asibiti kowa da nasa."

Mun sha dariya, amma da na zauna da yamma ina rubuta abin a littafina sai na ga ba abin dariya ba ne. Wannan karon ciki ne, kowa ya ga ba zai yiwu ba. Da wani ciwon ne wanda namiji da mace duk suna yi, da ba wanda zai kewaye shi da jan biro, da an ci gaba da yi wa wani magani da tarihin wani. Tun daga ranar nake fara karanta bangon kati kafin cikinsa, idan kuma mai katin yana gabana sai na ɗaga kai na dube shi. Ke ma ki yi haka. Sannan ga wadda ta fi damuna, domin na san wayonki: ranar da jikinki ya motsa a makaranta, dabarar da za ta fara zuwa miki ita ce ki ari katin wata ƙawa ki je asibiti da sunanta, don kada a buɗe miki naki. Kada ki yi. Za a yi miki maganin mai lafiya, ita kuma a bar mata tarihin da ba nata ba.

Yanzu sai naki. Kin san wani sashe na labarin, don Malam Garba ba ya barin a manta, amma ba ki taɓa jin sa daga wurina ba.

Ba ki daɗe da fara rarrafe ba hannuwanki da ƙafafunki suka kumbura, kina kuka ko zane ya taɓa ki. Aka ɗebi jininki aka aika gwaji, sakamako ya dawo: sikila. Ni da Malam babanku kowannenmu yana ɗauke da rabin abin ba mu sani ba, don a lokacin aurenmu ba mai zancen gwaji. Likita ya rubuta a cikin katinki, ranar kuwa rubutunsa ya fito sarai kamar da gangan. Katin ya biyo layi ya zo teburina.

Dama bangon katin ba ni na cike shi ba. Ranar da aka buɗe miki, na tura wa Malam Garba na ce birona ya ƙi. Ya gane, ya rubuta sunanki. Idan kuma layi ya zo kanki a taga, lambar kati nake kira, ba suna ba, kina sane. To wannan rana ma sai na yi abin da na saba. Na san lambar sikila, 282.6, na buɗe littafi na gan ta da idona. Na ɗauki biro na rubuta 285.9.

Na gaya wa kaina ke nake karewa. Rajista hannu da yawa ke taɓa ta, garin kuma ƙarami ne. Na ji yadda mata suke magana a gidan suna a kan irin waɗannan yara, wai ba sa daɗewa, wai kada a saba da su. Ban so a dube ki da wannan idon ba. Amma da na daɗe ina juya abin, ina ganin har da ni kaina ban so in gan shi a rubuce ba. Gani nake muddin yana ɗakin shirgi bai gama tabbata ba.

Da aka yaye ki, Dada ta zo ta ɗauke ki zuwa Masanawa kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Lokacin kati ya yanke a ƙananan asibitoci, kowa littafin makaranta yake saya a raba biyu, ya zama katinsa, yana tafe da shi a hannu. Na yanka miki naki, na rubuta a shafin farko: ƙarancin jini. Na ce wa Dada, "Jininta ne ba shi da yawa, a riƙa ba ta zogale da nono." Dada ta ce, "Wannan ne ciwo? Kawo ta." Ta kuwa cika alkawari, ta ɗura miki zogale har kika tsane shi. Idan gaɓoɓinki suka yi ciwo sai ta ce sanyi ne, ta gasa miki da tsumma, ya lafa. Muka yi shekaru a haka, ina murna dabarata ta yi.

Sai wata damina, kina 'yar shekara biyar ko shida, kika bi yaran gidan kiwon awaki. Ruwa ya kama ku a fili, kuka dawo sharkaf kuna tsalle. Washegari zazzaɓi da ciwon ƙashi. Dada ta kai ki ƙaramin asibitin da ke kusa da su, ma'aikacin ya buɗe rabin littafin nan ya karanta abin da na rubuta, ya ba da maganin maleriya da ƙwayar ƙarin jini, ya ce a koma gida. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da takarda ta gaya masa ya bi, takardar kuwa ni ce. Bayan kwana biyu ciwon ya hau ƙirji.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, ina taga ina karɓar kati kaina a sunkuye. Wani hannu ya miƙo rabin littafi, na ga rubutuna. Na ɗaga kai, Dada ce, goye da ke, kanki ya langaɓe a kafaɗarta. Motar masu hatsi ta hau, kuma da ta iso layi ta bi kamar kowa, wai kada a ce ta yi gadara da 'yarta. Ban san ta inda na fita daga ofishin ba.

Likita ya buɗe idonki ya ga ya yi rawaya, ya sa aka zaro babban katinki. Ya karanta cikinsa, ya dubi lambar da ke gefe, ya dubi rabin littafin, sannan ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce jini ake bukata yanzu. Aka gwada na 'yan uwa bai dace ba. Malam Garba ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa, aka dace. Asalin maganar da yake yi miki ke nan duk ranar da kika leƙo ofis, wai jininsa ne ke yawo a jikinki shi ya sa kike son ƙamshin tsohon kati. Da ya ji makarantar da za ki cewa ya yi, "Ai na faɗa. Da mahauci ya ba ta jini da yanzu tana fawa."

Da la'asar numfashinki ya daidaita, kika yi barci. Na fito na tarar da Dada a gindin bishiya tana ɓare gyaɗa. Na zauna nesa kaɗan na gaya mata sunan ciwon, da abin da yake so da abin da ba ya so. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun kafin yaye."

Ta ce, "Ma'u, ko akuya aka ba ni kiwo, mai ita yana gaya mini wadda ba ta son ruwa."

Na ce, "Kunya na ji, Dada."

Ta watsar da ɓawon gyaɗar ta ce, "Kunyar suna na koya miki. Ban koya miki kunyar ciwo ba."

Iyakar faɗan ke nan. Ta miƙo mini gyaɗa, na karɓa. Washegari na ja layi a kan tsohuwar lambar na rubuta ta gaskiya, Malam Garba ya sa hannu a gefe. Ki riƙe wannan ma: ba a goge kuskure a kati, layi ɗaya ake ja, a bar shi yana karantuwa, don na baya ya san an taɓa ɓata hanya a nan.

To me ya biyo baya da aka sani? Ba zan ce miki ba a yi magana ba, an yi. Akwai maƙwabciyar da ta ce ba za ki kai goma ba. Kin san ta, ita ce yanzu take aiko jikanta ki zo ki karanta mata takardar maganin hawan jini. Amma ga abin da ban zata ba. Dada ta zama dogari, hadari na haɗuwa za ki ji muryarta har bayan gari tana neman ki. Malaman makarantarku suka daina sa ki gudu da shara a rana. Direban da ke bin hanyar Kabo, ko motarsa ta cika, idan aka ce 'yar Dada ce ba lafiya sai ya sauke buhu ya ɗauke ki. Duk shekarun da kika yi kina ganin kamar ciwon ya yi sauƙi, ba sauƙi ya yi don kansa ba. Mutane ne da yawa suke riƙe da gefe-gefensa, kin saba da su har ba kya ganinsu. Gobe mota za ta raba ki da su gaba ɗaya. A Kano ba wanda ya san ki, gaskiyarki. Ke kin faɗe shi da murna, ni kuma shi ne abin da ya sa na tankaɗe gari sau biyu.

Ga kuma azumi, zai same ki a can kafin hutu. Kin ga yadda gari ya koma tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Ko a tagarmu layi biyu ne yanzu, maza daban mata daban, abin da ya rage mana ture-ture, na gode wa Allah. Amma idon mutane a kan juna ya ƙaru. A ɗakin kwanan ɗalibai, yarinyar da aka gani tana shan ruwa da rana kwana da kwanaki, ba a san dalili ba, za ta sha kallo da magana. Na san abin da za ki zaɓa. Za ki ɗauki azumin don a bar ki, ki wuni ba ruwa, rashin ruwa kuwa shi ne abin da ciwonki ya fi so. Likita ya hana ki, kin ji da kunnenki. Amma idan matiron, mai kula da ɗakin kwananku, ta sani, 'yan ɗakinku sun sani, su da kansu za su riƙa tura miki kofi.

Na kai wa babanku maganar jiya yana gyara fitila. Kwanakin nan yana karantar da manyan ɗalibansa babin shaida, sai na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Malam, lambar da na sa wa yarinyar nan da gangan, shaidar zur ce?"

Ya ce, "Idan aka kafa miki kotu, tare za a gurfanar da mu, don ni ma na sani na yi shiru. Sai dai alƙalin zai sha wahala, mai ƙarar tana can tana ninke atamfa."

Na ce, "Wai ba za ta faɗa ba a can. Azumi ma ina jin za ta ɗauka."

Ya ajiye fitilar ya ce, "Ki gaya mata Allah ne ya yi wa mara lafiya rangwame, ba mu ba. Idan babba ya yi maka kyauta, ba ladabi ba ne ka mayar masa don kada maƙwabta su gani."

Na ce, "Kai ka gaya mata mana."

Ya ce, "Ni ma ai ta farin ce a wurina." Muka zauna muna kallon juna kamar an aiki kurame biyu kasuwa.

Ba cewa na yi ki hau tebur ki yi shela ba. Ki gaya wa matiron. Ki gaya wa wadda gadonta ke kusa da naki, ki nuna mata inda maganinki yake da abin da za ta yi idan ta ga kin kasa tashi. Ki je asibitin makaranta da ƙafarki tun kina lafiya, a buɗe miki kati da sunanki, a rubuta ciwon yadda yake. Sauran mutane kuwa ki bari sai kin ga halinsu. Mai yiwuwa wata ta ja baya da ke, ban isa in ce ba za a yi ba. Na auna wannan da wancan a littafina har shafi ya cika, kullum gefe ɗaya ke rinjaye.

A sabon littafin da za a koya muku, wanda ni har yanzu nake lalube a cikinsa, sikila ta koma D57, kuma an raba ta gida-gida: lokacin da ta tashi daban, lokacin da take kwance daban, mai ɗauke da rabi irin ni da babanku da Hafsa daban. Na ji daɗin wannan rabon. Ko littafin ya yarda yawancin kwanakinki a gidan da sikila take kwance kike. Kuma lambar ta ciwo ce, a gefen kati ake sa ta. Sunan mutum shi ne a sama, da manyan baƙaƙe. Idan kin fara aiki, duk katin da ya zo hannunki ki tuna akwai wata Dada da ta bi layi da shi.

Sauran kin san su, amma uwa ba ta gajiya: ruwa ko ba kya jin ƙishi, rigar sanyi a jaka ko gari ya yi zafi, gidan sauro, ƙwayarki ta kullum. Na sa miki garin zogale a ƙasan akwati. Saƙon Dada ne, ta ce idan kin zubar za ta gani a mafarki.

Na san za ki ce faɗa da sauƙi. Za ki ce matar da ta kasa kiran sunan 'yarta shekara goma sha tara ita ce take cewa a buɗe baki gaban baƙi. Kin yi gaskiya, na kuma rasa amsa, sai dai ciniki. Gobe zan raka ki tasha. Idan na iya kiran sunanki a can, da bakina, gaban direba da 'yan kamasho da duk wanda ke wurin, to ke ma kin ci bashin faɗin sunan ciwonki a makon farko. Na je Masanawa na nemi izinin Dada. Ta ce ita ba ruwanta da 'yan boko, ta juya baya, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Ban sani ba ko zan iya. Na gwada ɗazu a banɗaki, muryar ta maƙale a rabi. Lokacin da kike karanta wannan ke kin riga kin san yadda aka ƙare, ni ce ban sani ba. Idan na iya, ki biya. Idan na kasa, ki fi ni, dama don haka ake haihuwa.

Allah ya kai ki lafiya, ya kwantar da ciwon nan ya daɗe bai tashi ba, idan kuma ya tashi ya sa akwai wanda ya sani a kusa da ke. Allah ya yi miki albarka, ya buɗe miki karatu. Babanku da Hafsa suna gaishe ki tun kafin ki tafi. Malam Garba ya ce a kula masa da jininsa.

Mahaifiyarki.

Na gobe, waɗanda ban gama ba:

Sauran katunan ɗakin yara, akwai biyu da sai na tambayi likita.

Ɗinke bakin gidan sauro.

Cika jarkar ruwa, a sa a gaban mota, ba a but ba.

Saka wannan takarda a ƙarƙashin zogale.

A tasha, kafin mota ta tashi: Saudatu. Na rubuta, hannuna bai karye ba. Saura baki.